Daren da Olajuwon ya sha kaye: nasiha ga matasanmu



Duk shekara idan watan Maris ya kama, lokacin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, gidajen talabijin na ƙasar sukan maimaita wani ɗan gajeren bidiyo wanda bai kai minti guda ba. Wani ɗan wasa ya cilla ƙwallo daga nesa, ta gaza kai wa kwando, wani ya daka tsalle ya cafe ta a sama ya danƙara ta ciki, lokaci ya cika. Kocin waɗanda suka ci ya faɗo fili da gudu yana waige-waige, yana neman wanda zai runguma. 'Yan wasan da aka doke kuwa wasu sun zube ƙasa. A cikinsu akwai wani dogon saurayi ɗan Legas mai shekara 20, Hakeem Olajuwon, wanda a lokacin Amurkawa ke rubuta sunansa Akeem.

Wanda ya kalli bidiyon kaɗai zai ce sa'a ce ta yi aikinta. Ku kuma kun tashi a zamanin da kusan komai ke iso muku a haka: ƙwallon da aka ci, motar da wane ya saya, hoton ranar yaye ɗalibai, sakamakon jarrabawa da aka ɗora a waya. Ƙarshen labari kuke gani, an yanke masa kai da ƙafa. Shi ya sa nake so mu bi wannan wasa a tsanake, mu ga abin da ya gabaci daƙiƙar ƙarshe da abin da ya biyo bayanta, domin a waɗannan wurare biyu ne mutum ke da ta cewa a kan rayuwarsa.

Gasar da ake magana ita ce ta hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, kuma sili ɗaya ƙwale ce: aka doke ka sau ɗaya, sai gida. A 1983 ƙungiyoyi 52 ne suka shiga. An yi wasan ƙarshe ranar 4 ga Afrilu a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, tsakanin Jami'ar Houston da Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa, wadda aka fi sani da NC State.

Houston ita ce ta ɗaya a duk ƙasar. Ta iso wasan ƙarshe da nasara 31 da kaye biyu kacal, ta ci wasa 26 a jere. Yaran koci Guy Lewis sun shahara da gudu da tsalle da danƙara ƙwallo a kwando, har wani ɗan jarida ya laƙaba musu suna Phi Slama Jama. A wasan kusa da na ƙarshe sun lallasa Louisville da maki 94 da 81, suka yi ta ruwan danƙare har mutane da yawa suka ce ai wasan ƙarshen ke nan an gama, abin da ya rage bikin miƙa kofi ne. Taurarinsu su ne Clyde Drexler da Olajuwon.

Labarin Olajuwon ya taɓo mu kusa. Iyayensa 'yan kasuwar siminti ne a Legas. Yana yaro gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, kuma farkon gasar da ya shiga ita ce ta wasannin kwalejojin horar da malamai da aka yi a Sakkwato, inda makarantarsu ta Muslim Teachers College ta je, shi kuma asalinsa ɗan ƙwallon hannu ne aka ara. A 1980 ya sauka Houston, ɗanye shakaf. Shekarar farko bai buga gasa ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Abin da ya gyara shi shi ne hutun bazara, lokacin da yake zuwa wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde yana karawa da Moses Malone, ɗaya daga cikin ƙarfafan 'yan wasan gasar ƙwararru ta NBA na zamanin. Malone bai raga masa ba, ya yi ta bangazarsa har ya koyi tsayuwa.

NC State kuwa ba wanda ya sa ta a lissafi. Ta sha kaye sau goma a kakar. Babban mai jefa mata ƙwallo daga nesa, Dereck Whittenburg, ya karye a ƙafa cikin Janairu, ya yi wasa 14 yana zaune. Don ta samu shiga gasar ƙasa sai da ta ci kofin shiyyarta, inda ta doke Carolina ta Arewa mai Michael Jordan, ta doke Virginia mai Ralph Sampson. A cikin gasar ma da ƙyar da jiɓin goshi take tsallakewa: Pepperdine sai bayan ƙarin lokaci biyu, Nevada Las Vegas da maki ɗaya, Virginia kuma da maki ɗaya. Kocinsu Jim Valvano mutum ne mai barkwanci da zaƙin baki. Yakan ware rana guda a shekara ya sa yaransa su gwada yadda ake yanke ragar kwando, al'adar da zakaru ke yi bayan cin kofi, don idonsu ya saba da abin da suke nema. Amma bayan barkwancin akwai lissafi. Ya lura cewa idan kana baya kuma lokaci na ƙurewa, gara ka yi wa abokin hamayya ƙeta da gangan, ka tura shi layin jifan kyauta, ka bar fargaba ta yi maka aiki.

Jifan kyauta shi ne abu mafi sauƙi a ƙwallon kwando. Ka tsaya a layi, ba mai tare ka, ba mai ture ka, kowane jifa maki ɗaya. Ba wanda ke tafa wa mai koyonsa, domin maimaici ne kawai, ɗari bayan ɗari, a ɗakin da ba 'yan kallo. Houston, duk da baiwarta, kusan shida cikin goma kawai take ci a wannan layi. Kowa ya san da haka, har su kansu. Sai dai muddin suna doke mutane da ratar maki goma sha, ramin a rufe yake.

Da aka take wasa NC State ce ta fara jan zare. Thurl Bailey ya ci maki 15 kafin hutun rabin lokaci, aka tafi hutu tana gaba da 33 da 25. Drexler kuma an busa masa ƙeta huɗu tun a rabin farko, saura ɗaya a fitar da shi, don haka sauran wasan a ɗarare ya buga shi. Da aka dawo Houston ta nuna ko ita wace ce. Ta ci maki 17, NC State ta ci biyu, allo ya koma 42 da 35. A nan ne Guy Lewis ya yanke shawarar da aka yi shekaru ana muhawara a kanta. Ya ce yaransa su rage gudu, su baje a fili, su riƙa cinye lokaci. Yana da hujja. Albuquerque na kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500, iska ba ta da kauri, Olajuwon ya gaji har sai da aka ba shi iskar shaƙa a benci. A wancan lokacin kuma babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya jifa a gasar, kana iya riƙe ƙwallo iya son ranka. Amma shawarar ta fitar da Houston daga abin da ta fi iyawa, ta kai ta daidai inda ta fi rauni.

Sidney Lowe da Whittenburg suka shiga jefawa daga nesa, ratar ta yi ta raguwa har aka yi kunnen doki, 52 da 52. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, Valvano ya ba da umarnin a yi wa Alvin Franklin na Houston ƙeta, yaro ɗan shekarar farko. Dokar lokacin ita ce idan ka ci jifan farko a ba ka na biyu, idan ka zubar shi ke nan. Franklin ya zubar. A daren gaba ɗaya Houston ta samu jifan kyauta 19, ta ci 10. Tara sun tafi a banza, kuma da maki biyu aka doke ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saura daƙiƙa 44 NC State ta nemi ɗan hutu ta shirya harin ƙarshe. Shirin bai tafi yadda aka tsara ba, domin Houston ta fito da tsaron da ba su zata ba. Ƙwallo ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu cikin ruɗu. Bailey ya tsinci kansa a lungu, ya wurga ta baya wajen Whittenburg, Benny Anders na Houston ya miƙa hannu har ya taɓa ta, saura ƙiris ya ƙwace ya tafi shi kaɗai. Whittenburg ya riƙe, ya juya, ya cilla daga nisan kusan mita tara. Kowa a filin ya ɗaga kai yana kallon ƙwallo. Olajuwon, wanda ya kwashe ƙwallo 18 daga kwando a daren ya kuma ci maki 20, a wannan karon ba ya tsakanin kwando da Lorenzo Charles na NC State. Charles na tsaye ƙarƙashin kwandon, ya riga kowa ganin cewa jifan ba zai kai ba. Bai tsaya kallo ba. Ya tashi sama, ya kama, ya zura. 54 da 52.

Ku lura da yawan abubuwan da suka taru kafin wannan tsalle ya yi amfani. Da an ci uku daga cikin jifan kyauta taran nan, da danƙaren Charles ya zama ado kawai. Da Drexler ya kiyaye hannunsa a rabin farko, da ba a ja birki ana tsakiyar gudu ba, da labarin ya canja. Mu mutane ne masu imani da ƙaddara, kuma haka ya kamata. Amma ina yawan jin matasa suna saurin cewa "haka Allah Ya so" tun kafin su zauna su duba nasu sakacin. Ƙaddara takan sanyaya zuciya bayan abu ya faru. Ba a saukar da ita don ta hana mutum bincika aikinsa ba. Ɗalibin da ya san lissafi ne rauninsa tun aji ɗaya na babbar sakandare, ya yi ta kauce masa yana fakewa da darussan da ya iya, idan sakamakon WAEC ya fito ba daren jarrabawa ne ya kayar da shi ba. Kowannenku ya san nasa jifan kyautar. Wani rubutu ne, wani cika alkawari, wani rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a shago, wani tashi da wuri, wani riƙe harshe idan ransa ya ɓaci. Abu ne ƙarami, mai gundura, wanda baiwa ke rufewa har zuwa ranar da aka haɗu da wanda ya san inda ramin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mu duba abin da ya biyo baya, wanda a ganina shi ne ya fi nauyi.

An zaɓi Olajuwon gwarzon wasannin ƙarshe na gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi, kuma tun daga lokacin ba a sake ba wanda aka doke wannan lamba ba. Amma lamba ba kofi ba ce. Shekara ta zagayo, 1984, Houston ta sake zuwa wasan ƙarshe, Georgetown mai Patrick Ewing ta doke ta da 84 da 75. A shekarar ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA, gaban Michael Jordan da aka ɗauka na uku. A 1986 ya kai wasan ƙarshe na NBA, Boston Celtics ta doke su. Wasan ƙarshe uku, kaye uku. A shekarun nan an san shi da zafin rai, da faɗa a fili, da rigima da alƙalan wasa. Mutane sun fara cewa gwani ne amma ba mai cin kofi ba.

Abin da ya yi a tsakanin nan ba shi da bidiyo. Ya gyara jifan kyautarsa, daga ɗan sama da rabi a jami'a zuwa sama da bakwai cikin goma a tsawon zamansa a NBA. Ya ɗauki ƙafar golan da ya taso da ita a Legas ya gina salon juyi da yaudara a gindin kwando wanda daga baya manya irin su Kobe Bryant da LeBron James suka je har wajensa koyo. Ya koyi miƙa wa abokan wasa ƙwallo maimakon ɗaukar komai a kansa. Ya koma ga addininsa da gaske, ya gyara rubutun sunansa zuwa Hakeem a 1991, zafin ran ya kwanta. Yana azumin Ramadan yana buga wasa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 a NBA alhali azumi ya faɗo cikin watan.

A 1994 ya sake zuwa wasan ƙarshe, ya tarar da Ewing ɗin nan dai, yanzu a New York Knicks. A karawa ta shida cikin jerin karawar wasan ƙarshen, New York na bukatar nasara ɗaya ta ɗauki kofi. Houston na gaba da 86 da 84, saura daƙiƙoƙi, John Starks na New York ya tashi zai yi jifa mai maki uku wanda da ya shiga an gama. Olajuwon ya baro mutuminsa, ya miƙe, ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, ta faɗi kafin kwando. Houston ta ci karawa ta bakwai. A kakar nan shi ne gwarzon NBA, shi ne gwarzon mai tsaro, shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Shekara 11 ke nan bayan Albuquerque.

Shekarar da ta biyo ta fi ban mamaki. A Fabrairun 1995 Rockets ta sayo Drexler, tsofaffin abokan jami'a suka sake haɗuwa. A karawar farko ta wasan ƙarshe da Orlando Magic ta Shaquille O'Neal, Orlando na gaba da maki uku, ɗan wasanta Nick Anderson ya zubar da jifan kyauta huɗu a jere. Houston ta farke, aka shiga ƙarin lokaci. Ana kunnen doki, Drexler ya kutsa ya jefa, ƙwallo ta ƙi shiga. Olajuwon na nan gindin kwando, ya tura ta ciki saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, 120 da 118. Suka share Orlando huɗu ba ko ɗaya. Ba na ce muku duk wanda ya faɗi rayuwa za ta dawo masa da irin damar da ya rasa, sak da sak haka. Guy Lewis ya kai Houston zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe har sau biyar, ya rasu a 2015 bai taɓa ɗaga kofin ba, kuma jami'ar ta sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 2025 a hannun Florida da maki biyu. Abin da nake cewa shi ne, da damar ta dawo wa Olajuwon ta tarar da wani mutum daban da wanda ta bari.

Waɗanda suka ci nasara fa? Valvano ya zama tauraro, ya shiga talabijin da tallace-tallace, aka ƙara masa muƙamin shugaban sashen wasanni na jami'ar. Kafin shekara bakwai ta cika, bincike ya gano wasu 'yan wasansa na sayar da tikiti da takalman da aka ba su, ga kuma ƙorafi mai ƙarfi cewa karatun yaran ya lalace. Hukumar NCAA ta hukunta ƙungiyar, shi kuma ya bar aikin a 1990. A 1992 likitoci suka gano yana da ciwon daji. A Maris na 1993, da ƙyar yake hawa matakala, ya tsaya gaban taron karrama 'yan wasa na tashar ESPN ya sanar da kafa gidauniyar binciken cutar, ya roƙi jama'a kada su yanke ƙauna. Ya rasu ranar 28 ga Afrilu yana da shekara 47. Gidauniyar V tana nan tana aiki, ta zuba ɗaruruwan miliyoyin dala a binciken ciwon daji. Mutumin da aka sani da gudu a fili, abin da ya fi amfanar mutane a rayuwarsa ya yi shi ne a makonninsa na ƙarshe, bayan ɗaukaka ta juya masa baya.

Lorenzo Charles kaka ɗaya ya yi a NBA tare da Atlanta Hawks. Ya buga a ƙasashen waje da ƙananan gasanni, sannan ya koma Carolina ta Arewa ya kama aikin tuƙin bas. A kan aikin ya rasu cikin haɗari a Raleigh a watan Yunin 2011, shi ma yana da shekara 47. Kada wani ya karanta wannan da raini. Mutumin da duk Amurka ta san fuskarsa ya zauna bayan sitiyari yana neman halalinsa, bai ce ya fi ƙarfin aiki ba. Na san a cikinku akwai waɗanda suka zo na ɗaya a makaranta ko suka yi tashe sau ɗaya, suka zauna suna jiran duniya ta biya su bashin wannan rana. Duniya ba ta riƙe wa kowa irin wannan bashi.

Saboda haka, ƙannena, idan sakamako ya fito, kowane iri ne, ku ba zuciya kwana biyu ta yi murnarta ko ta yi kukanta, sannan ku ɗauki biro da takarda. Wanda ya faɗi ya rubuta abin da ke hannunsa wanda bai yi ba, ya bar zancen malami da alƙali da maƙiya, ko da suna da nasu laifin, domin nasa kason kaɗai zai iya gyarawa. Ya nemi wanda ya fi shi ya riƙa karawa da shi, ya jure bangaza. Wanda ya ci kuma ya tambayi kansa da gaskiya nawa ne aikinsa, nawa ne kuskuren wani, ya kuma binciki abin da nasarar ke shirin sa shi ya yi sakaci da shi. Ku zaɓi ƙaramin abu ɗaya da kuka daɗe kuna gudu, ku sa masa lokaci kowace rana, ko ba wanda zai gani. Shekara goma tana da tsawo a idon mai shekara 20, amma za ta wuce ko kun yi aikin ko ba ku yi ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku haƙurin gyara da ladabin nasara.